Likita Mila, Uban Samari

'Yan'uwa cikin Ubangiji, a majami'unmu na Birnin Kebbi da Argungu yara sun cika makarantar Lahadi, tsofaffi kuma suna nan, amma samari fa? Da yaro ya gama makaranta ya tafi Sakkwato ko Kaduna neman aiki, sai mu daina ganinsa a sujada. Bari mu duba rayuwar wani bawan Allah wanda ya san yadda ake riƙe samari.

An haifi Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da Likita Mila, a Ingila cikin 1872. Da ya gama koyon likitanci a London, ya tafi Tarabulus domin ya koyi Hausa wurin fatake da alhazai. Can ya gamu da wani yaro, Audu, ya ɗauke shi kamar ɗan cikinsa.

Cikin 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell, amma Sarki Alu ya sallame su. Bai fid da zuciya ba. Cikin 1905 ya zauna a birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Cikin 1913 waɗansu Isawa, almajiran Malam Ibrahim, suka zo wurinsa neman labarin Yesu. Aka kafa musu zama a Gimi, amma ciwon barci ya hallaka da yawa. Yaran da suka ragu, makarantarsa ta rene su. Cikin 1929 aikin ya koma Wusasa. Ya sha wahala ƙwarai wajen juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, har aka buga shi cikin 1932. Ya rasu a Bukuru cikin 1952.

Ba taro mai yawa ya samu ba, amma 'yan kaɗan ɗin nan ya san kowannensu da sunansa. Ya zauna tare da su, ya yi musu magana da harshensu, ya ba su ilimin da za su ci abinci da shi, ya kuma danƙa musu aiki tun suna samari. Daga Wusasa Barau Dikko ya fito, likita na fari a Arewa.

Mu fa? Saurayi yakan yi tambaya mai wuya, mu tsawata masa. Yakan rasa aiki, ba mai zuwa gidansa. Yakan so aure, mu tsawwala masa kuɗi. Ya kai shekara 25, ba a taɓa ba shi ko karatun Littafi a gaban jama'a ba. Wanda ba a nema, ba ya daɗewa.

Dattawa, kowa ya ɗauki saurayi ɗaya, ya san gidansa da damuwarsa. Idan ya tafi wani gari, a haɗa shi da paston wurin kafin ya sauka daga mota. Gama da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Ubangiji ya taimake mu. Amin.