Shuwanzang: Ruhubanin da ya saɓa wa dokar sarki don neman ilimi a Indiya

A ƙauyukan Kankiya da Kusada, irin su Sukuntuni, ba baƙon abu ba ne yaro ya rataya allo ya tafi neman karatu, ya yi shekaru bai leƙo gida ba. Mutanen Sin ma suna da nasu gwarzon irin wannan tafiya, wato Shuwanzang, wanda ake rubuta sunansa Xuanzang da haruffan boko. Ruhubani ne na addinin Buddha, ɗaya daga cikin masu gudun duniya da ke barin aure da dukiya su tare a gidan ibada.

An haife shi wajajen shekarar 602 a kusa da birnin Luoyang, a gidan Chen, gidan malamai da ma'aikatan hukuma. Bayan rasuwar mahaifinsa ya koma wurin wansa, wanda ya riga shi shiga ruhubanci. Yana da shekara 13 aka aske masa kai, aka karɓe shi a matsayin ɗalibi. A shekarar 622, a birnin Chengdu, ya zama cikakken ruhubani.

Rayuwar da ya shiga mai tsauri ce. Dokoki 250 ne ke kan ruhubani a ƙasar Sin. Abin da ya mallaka bai wuce mayafai uku, da akushin karɓar abinci, da aska, da allura, da matacin ruwa ba, matacin kuwa don gudun halaka ƙananan halittu ne wajen sha. Ba ya cin abinci bayan rana ta take, ba ya shan giya, ba ya riƙe kuɗi. Sau biyu a wata ruhubanawa sukan taru a karanta dokokin, wanda ya yi laifi ya bayyana shi. Da damina kuma sukan zauna wuri guda tsawon wata uku, ba yawo.

Abin da ya hana Shuwanzang sakat shi ne littattafan da yake karantawa. Fassarorin da aka yi daga harsunan Indiya suna karo da juna, malamai kuma kowa da tasa fahimtar. Sai ya ƙudura zuwa tushen. A lokacin, Sarki Taizong na daular Tang ya haramta fita ta iyakar yamma, kuma ba a ba shi izini ba. Duk da haka ya sulale wajajen 629, yana tafiya da dare, yana ɓuya da rana.

A cikin hamada salkar ruwansa ta kuɓuce ta zube, ya yi kwanaki ba ɗigon ruwa, har dokinsa ya kai shi wata mashaya. A Turfan, sarkin ƙasar ya so ya riƙe shi ya zama malamin fada. Shuwanzang ya ƙaurace wa abinci kwana uku, sarkin ya saduda, ya haɗa shi da dawakai da guzuri da takardu zuwa ga sarakunan da ke gaba. Ya bi hanyar fataken siliki ta Samarkand, sannan ta Bamiyan da ke Afganistan ta yau, har ya sauka Indiya.

Zangonsa mafi girma shi ne Nalanda, a jihar Bihar ta yanzu, gidan ibada kuma makaranta mai dubban ɗalibai. Harajin ƙauyuka kusan 100 ne ke ciyar da ita, don haka ɗalibi bai damu da abin da zai ci ba. Amma shiga ba sauƙi: mai tsaron ƙofa yakan jarraba baƙo da tambayoyi, kuma cikin goma, bakwai ko takwas ne ke komawa. Yini kan ƙare ne tsakanin darasi da muhawara. Shuwanzang ya yi kimanin shekara biyar a nan, a gaban tsohon shugaban makarantar, Shilabhadra, yana koyon harshen Sanskirit da nahawu da manɗiƙi da falsafa. Sunansa ya kai kunnen Sarki Harsha, wanda ya shirya masa babban taron muhawara na kwana 18 a birnin Kanauj.

A hanyar komawa ya yi asarar wasu rubuce-rubuce wajen ƙetare kogin Indus. A shekarar 645, bayan kusan shekara 16, ya shiga babban birnin Chang'an, wato Xi'an ta yau, da littattafai 657. Sarkin da ya saɓa wa doka ya karɓe shi da girmamawa, har ya nemi ya tuɓe mayafin ruhubanci ya karɓi muƙami a gwamnati. Shuwanzang ya ƙi. Abin da ya roƙa kawai shi ne wurin zama da mataimaka don aikin fassara. Ya dai cika wa sarki buri ɗaya: a 646 ya miƙa masa littafin da ke bayanin ƙasashen da ya ratsa, da amfanin gonarsu, da kuɗinsu, da al'adunsu.

Sauran rayuwarsa ta tafi a kan tsari guda. Yakan yanka wa kansa adadin aikin kowace rana, in bai kammala ba ya cike da dare, ya ɗan runtsa, ya tashi kafin asuba ya yi wa darasin gobe alama da jan tawada. A haka shi da jama'arsa suka fassara kundi 1,335. A 652 aka gina hasumiya a Chang'an don adana littattafan, kuma tana nan tsaye har yau.

Ya rasu a shekarar 664. Wasu daga cikin littattafan da ya fassara sun ɓace a harshensu na asali, sai a fassararsa ake samun su. A ƙarni na 19, masu binciken kayan tarihi irin su Alexander Cunningham sun bi bayanan tafiyarsa wajen tantance kufan tsofaffin biranen Indiya. Nalanda, inda ya zauna ɗalibi, ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a shekarar 2016.