Tarihin Freddie Mercury, Mawaƙin da Aka Haifa a Zanzibar

'Yan uwa ɗalibai, a allonmu na wannan makon mun kawo muku tarihin wani mawaƙin Ingila da ya mutu tun iyayenmu suna yara. Duniya ta san shi da Freddie Mercury, amma sunan da iyayensa suka raɗa masa shi ne Farrokh Bulsara. An haife shi ranar 5 ga Satumba, 1946 a tsibirin Zanzibar, wanda yanzu yake cikin ƙasar Tanzaniya. Iyayensa 'yan asalin Indiya ne, shi ya sa suka tura shi makarantar kwana a can yana ɗan shekara takwas. A nan ya koyi kiɗan piyano, har ya kafa ƙungiyar kiɗa da abokan karatunsa yana kamar sa'anmu.

A 1964 aka yi juyin juya hali a Zanzibar, iyalin suka gudu Ingila. Farrokh ya karanta zane-zane a Landan. A 1970 ya haɗu da mai jita Brian May da mai ganguna Roger Taylor, shekara ɗaya bayan nan John Deacon ya cika su huɗu. Shi ya zaɓa wa ƙungiyar suna Queen, shi kuma ya zana mata tambari. Kiɗansu shi ake kira rok, mai ƙarar jita da ganguna.

Freddie bai ɗauki rubuta waƙa wani abin ɗaga kai ba. A ganinsa waƙa ta saurare ce, a ji daɗi a wuce. Akwai wadda ya tsara cikin kusan minti goma yana wanka a birnin Munich na Jamus. Amma "Bohemian Rhapsody" ta 1975 ta ci musu makonni. Tsawonta kusan minti shida ne, aka ce musu gidajen rediyo ba za su saka ta ba, suka ƙi rage ta. Ta yi mako tara a matsayi na ɗaya a Ingila. Har ya mutu bai yarda ya bayyana ma'anarta ba, ya bar kowa ya fahimce ta yadda ya ga dama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne zamansu su huɗu. Kowannensu yana rubuta waƙa, kuma wanda ya rubuta shi ke da suna da kuɗin. Nan fa rigima take. A bayan faifan "Bohemian Rhapsody" an sa wata waƙar Roger Taylor, sai ga shi yana karɓar kaso daidai da na Freddie, alhali ba don ita ake sayen faifan ba. Sun daɗe suna gardama a kan irin wannan. Freddie ya fitar da kundinsa shi kaɗai a 1985, amma bai bar ƙungiyar ba, kuma ba ya son a kira shi shugabanta. Daga kundinsu na 1989 suka daina sa sunan mutum ɗaya, kowace waƙa ta zama ta Queen, ana raba kuɗin daidai. Shekara ashirin suka yi ba a sauya ko mutum ɗaya ba.

Yawon wasansu ma ba duka ne abin yabo ba. A 1984 sun je Sun City a kudancin Afirka lokacin mulkin wariyar launin fata, alhali an roƙi mawaƙa su ƙaurace wa wurin. Mu dai muna ganin ba su kyauta ba. Ranar 13 ga Yuli, 1985 kuwa suka hau dandamali a filin Wembley, a bikin Live Aid na tara kuɗi don yunwar Habasha. Minti ashirin da ɗoriya kawai suka yi a gaban mutum kusan 72,000, yana rerawa suna amsawa. Mutumin nan kuwa idan ya sauka mai kunya ne, ba ya son hira da 'yan jarida.

Wasansa na ƙarshe da Queen a watan Agusta na 1986 ya yi shi. Daga baya cutar ƙanjamau ta kwantar da shi, amma ya ci gaba da zuwa ɗakin naɗar murya a Montreux ta ƙasar Suwizalan duk ranar da ya samu ƙarfi. Ya mutu ranar 24 ga Nuwamba, 1991 yana da shekara 45, kwana ɗaya bayan ya sanar da duniya ciwonsa. Sauran ukun suka ƙarasa waƙoƙin da ya bari, suka fitar da su a 1995.