Juan Pujol, mutumin da ya sayar wa Jamus iska

Masu karatu, a filinmu na tarihin mashahuran mutane yau mun ɗauko wani ɗan ƙasar Sipaniya wanda bai yi suna da bindiga ba, sai da alƙalami da ƙarya. An haifi Juan Pujol Garcia a birnin Barsalona a shekarar 1912. Kiwon kaji ya koya, bai kuma ci riba a ciki ba. Yaƙin basasar ƙasarsa na 1936 zuwa 1939 ya sa ya tsani mulkin kama-karya, don haka a 1941 ya tafi ofishin jakadancin Ingila a Madrid ya ce yana son yi masu aikin leƙen asiri. Suka sallame shi.

Sai ya juya wajen Jamusawa, ya nuna masu shi masoyin Hitila ne. Suka ba shi kuɗi da tawadar ɓoye, suka ce ya tafi Ingila ya riƙa aiko da labari. Gogan naku bai wuce Lisbon ta ƙasar Fotugal ba. Nan ya zauna da littafin jagoran baƙi, da jadawalin jiragen ƙasa, da mujallu, yana ƙago rahoto kamar daga Landan yake. Har ya taɓa rubuta cewa mutanen Glasgow na yin komai don litar ruwan inabi, alhali ba shi ne abin shansu ba. Lissafin kuɗin Ingila ma ya gagare shi. Tsofaffin ƴan kasuwarmu da suka yi ciniki da Nijeriya kafin zuwan naira a 1973 sun san shi: sule 20 fam ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya. Duk da haka Jamusawa ba su farga ba.

A watan Afrilu 1942 Ingila ta gane amfaninsa, ta kai shi Landan, hukumar MI5 ta haɗa shi da jami'inta Tomas Harris. Aka laƙaba masa Garbo, sunan wata shahararriyar ƴar wasan sinima, ba Garba namu ba. Su biyu suka ƙago ma'aikata 27 waɗanda babu ko ɗayansu a duniya, kowanne da garinsa da halinsa da albashinsa, Jamus na biya. Da ya zama dole a kawar da na Liverpool, sai aka ce ciwo ya kashe shi, aka buga sanarwar rasuwa a jarida, Jamusawa suka riƙa biyan matarsa fansho, ita ma babu ita.

A ganinmu gwanintarsa a nan take, kuma duk wanda ya taɓa hulɗa da dillali zai gane ta. Ba ƙarya zalla yake sayarwa ba. Yakan ba da gaskiya, amma bayan kasuwa ta watse. A Nuwamba 1942, lokacin da sojojin ƙawance za su sauka a Arewacin Afirka, ya aika da labarin jiragen ruwansu daidai, da hatimin gidan waya na kwanakin baya, aka jinkirta wasiƙar har ta isa a makare. Jamusawa suka yaba masa. Da irin wannan ya tara amana, yana jiran ranar da zai ci bashi babba.

Ranar ta zo a 1944. Daren saukar sojoji a Nomandi ta Faransa, 6 ga Yuni, ya buga gargaɗi wajen ƙarfe 3, ma'aikacin rediyon Jamus bai amsa ba sai da gari ya waye. Pujol ya yi masu faɗa sosai. Ran 9 ga wata ya aika da saƙon da ya kai har gaban Hitila: wai Nomandi ɗauke hankali ne, babban hari na tafe ta Kale, da rundunar Janar Patton na Amurka. Rundunar nan ta bogi ce. Jamus ta tsare dakaru masu yawa a Kale har cikin Yuli da Agusta, suna jiran harin da bai zo ba, yayin da abokan gaba ke kafa ƙafa a Nomandi. A watan Yuli Jamus ta ba shi lambar girma ta Gicciyen Ƙarfe, a Nuwamba kuma Ingila ta ba shi tata, MBE.

Bayan yaƙi tsoron ramuwar ƴan Nazi ya kama shi. A 1949 aka baza labarin cewa zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a Angola, alhali yana Benezuwela, inda ya buɗe kantin littattafai da kayan tsaraba. Ƴaƴansa da ke Sipaniya sun girma suna zaton marayu ne, kuma wannan ƙaryar ba mu ga abin yabo a cikinta ba. Sai a 1984 marubuci Nigel West ya gano shi, ya koma Landan, ya ziyarci Nomandi a bikin cika shekara 40. Ya rasu a Karakas a 1988, aka binne shi a garin Choroni, kusa da bakin teku.