Tarihin Dokta Bjorn Ibsen, Likitan Da Ya Hura Wa Masu Shan Inna Numfashi

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake kwantar da majinyatan da ciwo ya tsananta gare su a babban asibiti, lalle ya ga mutum kwance da bututu a baki ko a maƙogwaro, ga kuma wata na'ura a gefensa tana hura masa iska. Mutumin da ya sa wannan hanya ta kafu a asibitocin duniya shi ne Dokta Bjorn Ibsen, wani likita na ƙasar Denmak, kuma da hannu ya fara aikin, ba da na'ura ba.

An haifi Ibsen a birnin Kofenhagen ran 30 ga watan Agusta, 1915. Ya gama karatun likita a jami'ar birnin cikin 1940, shekarar da sojojin Jamus suka mamaye ƙasarsu. A 1949 ya tafi birnin Bostan na Amurka, ya yi shekara guda a Babban Asibitin Masacusets yana koyon aikin sa majinyaci barci kafin a yi masa fiɗa, a ƙarƙashin Farfesa Henry Beecher. A Denmak ta wancan zamani ba a ɗauki wannan fanni da wata daraja ba, sau da yawa ma'aikatan jinya ko ƙananan likitoci ake bar wa shi. Saboda haka da ya komo gida a 1950 bai sami kujera tasa ta kansa ba, sai dai a kira shi in za a yi fiɗa. Amma a nan ne ya saba da abin da manyan likitocin ba su saba da shi ba, watau riƙe numfashin mutum da jakar roba sa'ad da magani ya kashe masa jiki.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san yadda numfashi yake. Akwai wani tantani mai ƙarfi da ya raba ƙirji da ciki. In ya yi ƙasa, ƙirji ya buɗe, sai matsin iskar da ke cikin huhu ya kasa na waje, iska ta kwararo ciki da kanta. Ashe zuƙo iska muke yi, ba tura mana ita ake yi ba. Cutar shan inna kuwa, in ta hau sama, takan shanye wannan tantani da naman haƙarƙari. Maganin da aka sani a lokacin shi ne huhun ƙarfe, wanda Philip Drinker da Louis Shaw suka ƙera a Jami'ar Habad ta Amurka a 1928. Wani babban tanki ne da ake zura mutum ciki, kansa kaɗai ke waje, a riƙa zuƙe iskar tankin don ƙirji ya buɗe. Akwai kuma ƙaraminsa mai kama da sulke, wanda ake ɗaurawa a ƙirji.

Cikin watan Yuli na 1952 annobar shan inna ta ɓarke a Kofenhagen. Asibitin Blegdam, wanda shi ne na cututtuka masu yaɗuwa, yana da huhun ƙarfe ɗaya tak da sulke shida. Kafin shekara ta ƙare an kwantar da mutum kusan 3,000, fiye da 300 daga cikinsu ba su iya numfashi ko haɗiya. A makonnin farko, cikin mutum 31 da cutar ta taɓa wa numfashi, 27 suka rasu. Shugaban asibitin, Farfesa Henry Lassen, ya rasa yadda zai yi. Sai wani mataimakinsa, Dokta Mogens Bjorneboe, wanda ya taɓa aiki da Ibsen a kan wani jariri mai ciwon sanƙarau na tsatsa, ya matsa a kira shi. Lassen bai so ba da farko, amma tilas ta sa ya yarda.

Ibsen ya duba takardun waɗansu da suka rasu, ya ga huhunsu bai lalace yadda zai kashe mutum ba. Likitocin asibitin suna ganin ƙwayar cutar ce ta cinye ƙwaƙwalwa, don haka babu dabara. Shi kuwa ya lura da hawan jini da gumi da sanyin fata da majinyatan ke yi kafin su cika, alamun da ya sha gani a ɗakin fiɗa duk sa'ad da numfashi ya gaza. Ya ce gurɓatacciyar iskar nan da jiki ke fitarwa, watau kabon dayoksaid, ita ce ke taruwa a jini. Ana ba su oksijin, launin jikinsu ya gyaru, a zaci sun sami sauƙi, alhali kuwa gubar tana nan tana ƙaruwa, domin sulken ba ya motsa ƙirji yadda zai isa ya kore ta. Ya kuma karanta rahoton Dokta Albert Bower da injiniya Ray Bennett na birnin Los Anjalis, waɗanda suka gwada tura iska ga masu shan inna kafin wannan lokaci.

Ran 27 ga watan Agusta aka ba shi wata yarinya 'yar shekara 12 wadda ke bakin mutuwa, ya gwada dabararsa. Aka huda mata maƙogwaro, aka sa bututu mai wata 'yar zoben roba da ake hurawa ta toshe gefe, don kada iska ta zurare, kada kuma miyau ya gangara cikin huhu. Da farko abin ya ƙi. Hanyoyin iskarta suka ɗaure, tana ta fama, jakar ta ƙi matsuwa, har likitocin da suka zo kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Sai Ibsen ya yi abin da mai sana'arsa kaɗai zai yi ƙarfin halin yi: ya ɗura mata maganin barci. Jikinta ya saki, ya zuƙe majinar da ta cika huhu, ya shiga matsa jakar. Da suka komo suka tarar launinta ya dawo, jininta ya sauka. Aka mai da ita cikin sulke don a tabbatar, alamun suka sake tasowa, aka koma jaka suka kwanta. Shugaban ɗakin gwaje-gwaje, Dokta Poul Astrup, ya auna jinin majinyata ya tabbatar da maganar Ibsen. Yarinyar ta rayu shekaru da dama bayan haka, ko da yake jikinta ya shanye.

Lassen, abin yabo a gare shi, bai tsaya jayayya ba, nan da nan ya ba da umurni a bi wannan hanya. To, amma wa zai matsa jakar dare da rana? Sai aka nemi ɗalibai masu koyon likita da na haƙori. Kimanin 1,500 suka yi wannan aiki, bi da bi, kowa ya zauna gefen gado sa'o'i shida ko fiye yana matsawa yana saki kamar mai zuga a maƙera. An ƙiyasta sa'o'in da suka yi sun kai 165,000, kuma akwai lokacin da mutum 70 ke numfashi da hannun ɗalibai a rana guda. Yawan masu mutuwa ya ragu da fiye da rabi, ya kuma ci gaba da raguwa.

Aikin kuwa ba matsa kawai ba ne. In an matsa kaɗan, gurɓatacciyar iska ta taru. In an matsa da ƙarfi ainun, huhu na iya yagewa, kuma matsin da ke cikin ƙirji ya hana jini komawa zuciya sosai. Wannan awo da tafin hannun ɗalibi ke yi shi ne aka ɗora wa na'ura. Tun cikin annobar aka gwada wadda Dokta Carl-Gunnar Engstrom na ƙasar Suwidin ya ƙera, mai tura iska daidai gwargwadon da aka ƙayyade mata. Na'urorin yanzu suna auna matsin da santimita na ruwa. Likita yakan zaɓi ko dai yawan iskar da za a tura, na'ura ta lura da matsin, ko kuwa ya ƙayyade matsin, ta lura da yawan iskar. Akan yi ƙoƙari kada matsin cikin huhu ya wuce 30, in ya haura iyakar da aka sa na'ura ta yi ƙara ta dakata. A ƙarshen kowane numfashi kuma takan bar ɗan matsi, sau da yawa wajen 5, don kada ƙananan jakunkunan huhu su manne da juna.

A 1953 Ibsen ya koma Asibitin Hukumar Birnin Kofenhagen, inda ya mai da wani ajin ɗaliban jinya ɗakin tara majinyata masu tsananin ciwo kowane iri, da likita da ma'aikatan jinya a kansu ba dare ba rana. Cikin watan Disamba na shekarar aka kwantar da mutum na farko. Masana da yawa suna ɗaukar wannan ɗaki shi ne na farko irinsa a duniya. Tsakaninsa da Lassen kuwa zumunci bai daɗe ba, domin rahotannin da Lassen ya buga a kan annobar ba su ba Ibsen matsayin da ya cancanta ba, sai daga baya masu binciken tarihi suka fito da rawar da ya taka. A ƙarshen aikinsa ya mai da hankali ga jinyar masu ciwo mai raɗaɗi da ya ƙi jin magani. Ya rasu ran 7 ga watan Agusta, 2007, saura 'yan makonni ya cika shekara 92.