Likita Mila Na Zariya: Wanda Ya Buɗe Wa Ɗan Talaka Ƙofar Makaranta

A wannan mako za mu waiwayi rayuwar wani bawan Allah wanda yawancinmu mun ci moriyar aikinsa ko da ba mu san sunansa ba. Shi ne Dokta Walter Miller, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila. Tsofaffinmu da suka koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, aikin hannunsa suka riƙe. Amma abin da ya sa muka ɗauko labarinsa yau shi ne makarantarsa, da irin yaran da suka zauna a cikinta. Mu da muke zaune a Kangire da sauran ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram labarin ya shafe mu, gama wani reshensa ya bi ta ƙasar Ningi, wadda muke maƙwabtaka da ita.

An haifi Mila a Honiton, wani ƙaramin gari a ƙasar Ingila, a shekara ta 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew a Landan, sa'an nan ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus, inda fatake da mahajjata Hausawa suke yada zango, ya zauna tare da su yana koyon harshe. Wannan ya nuna mana halinsa tun da fari. Ya ɗauka cewa wanda zai koyar da mutane, wajibi ne ya fara zama almajirinsu.

A 1900 ya shigo Arewa tare da Bishop Tugwell da waɗansu Turawa uku. Suka yi tafiya mai wuya har Kano, amma Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umarce su su bar garin cikin 'yan kwanaki. Suka koma kudu suka sauka a Girku, a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Mila kansa ciwo ya kā da shi har aka mai da shi gida. Bai fasa ba. Ya sāke dawowa, a 1905 kuma ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

A nan ne labarin ya ɗauki wata hanya da shi kansa bai shirya ba. Tunaninsa na fari bai bambanta da na masu mulki ba ƙwarai. A 1906 ya kai wa Gwamna Lugga shawarar a buɗe makarantar kwana domin 'ya'yan sarakuna, da wata domin malamai su koyi boko. Dabarar ita ce, in aka sami manya, na ƙasa za su biyo baya. Lugga ya yi na'am, amma a shekarar nan ya bar Arewa, wanda ya gaje shi kuma bai so a danƙa 'ya'yan sarakuna a hannun ɗan mishan ba. Sarakunan ma ba su amince ba. Makarantar malamai ta fara amma ba ta yi ƙarko ba, ta 'ya'yan sarakuna kuwa ba ta tsaya da ƙafafunta ba sam.

Gwamnati ta ɗauki aikin da kanta. A 1909 Hans Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina. Waɗannan makarantu sun fitar da manyan mutane, ba mai musun haka. Sai dai manufarsu ita ce a sami waɗanda za su gaji sarauta, da malaman makaranta, da ma'aikatan En'e. Ɗan manomi na ƙauye, da maraya, da ɗan bawan da aka 'yanta, da ɗan Bamaguje, da wuya a tuna da su in ana rabon gurbi. 'Ya mace kuwa sai wajen 1930 aka fara yi mata tanadi a Kano da Katsina.

To, da manya suka kuɓuce wa Mila, wa ya rage masa? Sai waɗanda ba mai nema. A nan ne mutanen da ake kira Isawa suka shigo cikin labarin. Asalinsu almajiran wani Malam Ibrahim ne na Kano, wanda ya duƙufa kan binciken abin da aka faɗa game da Annabi Isa, har koyarwarsa ta jawo aka kashe shi a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa suka watse, da yawa suka nufi Ningi da dazuzzukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Mila a Zariya suna neman ƙarin bayani. Daga nan aka kafa musu ƙauye a Gimi, wajen Maƙarfi, a ƙarƙashin kulawar wani baƙar fata ɗan mishan daga tsibiran Karibiyan, Rabaran W. A. Thompson. An yi majami'a, an yi makaranta, an kuma koya musu matse rake a yi mazarƙwaila, sana'ar da ta bazu a wannan yanki har ta zama abin dogaron gidaje masu yawa.

Murna ba ta daɗe ba. Ƙudan tsando ya kawo ciwon barci, cikin 'yan shekaru ya cinye mutanen Gimi da dama, har ƙauyen ya watse. Aka kwashi yaran da suka tsira, da yawansu marayu, aka kai su Zariya. Mila ya riƙe su kamar 'ya'yan cikinsa. Ya ci da su, ya yi musu magani, ya kuma zaunar da su a aji. Da su da waɗansu yara marasa galihu ne makarantar ta cika.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne irin karatun da ya ba su. Da ya ga dama sai ya ce, tun da 'ya'yan talakawa ne, ya isa su iya karanta Bishara da Hausa, su iya sa hannu a takarda, su koma gona. Mutane da yawa a zamaninsa haka suka ɗauka. Shi kuwa ya koya musu Hausa sosai, ya ɗora musu Turanci da lissafi da kiwon lafiya, wanda ya nuna ƙwazo kuma ya nemar masa hanyar wucewa gaba har Ikko, har Ingila. A ganinsa ƙwaƙwalwar maraya ba ta gaza ta ɗan sarki da kome ba, abin da ya raba su shi ne wanda aka buɗe wa ƙofa da wanda aka rufe wa.

Sakamakon ya fito fili. Russell Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya taso a wannan makaranta, ya wuce King's College a Ikko, ya yi karatun likita a Jami'ar Bamingham. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likitan asibiti. Shi ne kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, tun tana ƙungiyar al'adu, daga baya ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Gowon. Ya rasu a 1977, babban asibitin Kaduna kuma yana ɗauke da sunansa har yau. John Tafida, wanda suka rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East a shekarun 1930, shi ma ɗan wannan gida ne.

A 1929 aka tashi mishan ɗin daga cikin birni aka koma Wusasa, bayan ganuwa. Mila bai so wannan ƙaura ba, gama yana ganin an raba shi da mutanen da ya zo dominsu. Rabaran Guy Bullen ne ya ja ragamar ginin Wusasa, inda aka kafa majami'ar St. Bartholomew da makaranta da asibitin St. Luke. Amma irin da Mila ya shuka shi ne ya ci gaba da tsiro a can. Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ɗan gidan Isawa ne, a Wusasa ya yi karatunsa na fari. Ya zama likitan yara, ya zama likitan Sardauna Ahmadu Bello, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, shi ne kuma ɗan ƙasa na farko a kan wannan kujera. Daga 1979 zuwa 1983 ya yi ministan harkokin waje. Yakubu Gowon ma, ɗan mai bishara daga ƙasar Angas, a makarantar Wusasa ya fara riƙe alli. Ku duba fa, jikan mutanen da aka kora daji shi ne ya zo ya shugabanci babbar jami'ar Arewa.

Bayan ƙaurar, Mila ya koma Kano ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki, tare da 'yan mishan na SIM da SUM da Hausawa mataimaka, har aka buga shi cikakke a 1932. Wannan ma aikin ilimi ne. A ƙauyuka da yawa na Arewa shi ne littafi na fari da ya shiga hannun talaka da harshensa, mata da tsofaffi da ba su taɓa shiga aji ba a kansa suka koyi haɗa baƙi.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba, gama mutum tara yake bai cika goma ba. Mila mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe. Ya goyi bayan yaƙin da Turawa suka yi na cin ƙasar Hausa. Maganganunsa a kan Musulunci da sarakuna, musamman a shekarunsa na fari, sun yi tsanani, sun kuma sa iyaye da yawa gudun makarantarsa. Bai sha inuwa ɗaya da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ba, ƙararrakin da ya yi ta kaiwa suna cikin abin da aka ƙirga sa'ad da Turawa suka tuɓe sarkin suka kai shi Lokoja. Da jami'an mulki ma bai zauna lafiya ba, har da 'yan'uwansa na mishan, a 1935 kuwa ya ajiye aikin CMS. Mu da muke zaune tsakiyar 'yan'uwa Musulmi, kasuwa ɗaya rijiya ɗaya, bai kamata mu gaji wannan ɓangare na halinsa ba.

Duk da haka zuciyarsa ba ta bar ƙasar nan ba. Ya sāke dawowa, ya ci gaba da koyarwa da rubutu. A littafin da ya fitar a 1947 ya tuhumi 'yan ƙasarsa cewa mulkin da suka yi ta hannun sarakuna ya bar talakan Arewa a baya, musamman wajen ilimi. Ya ƙare kwanakinsa a ƙasar Jos, ya rasu a Bukuru a 1952 yana da shekara 80.

Yanzu sai mu juyo gida. Zamani ya sauya. A 1976 aka ƙaddamar da shirin UPE, a 1999 aka kawo UBE, dokar 2004 kuma ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, tilas ne ga kowane yaro. A takarda an buɗe ƙofa ga kowa. Amma dukanmu mun san yaron da sunansa yake rajista, shi kuwa yana bayan shanu. Mun san yarinyar da ta fi kowa a aji shida, aka cire ta aka ɗora mata tiren talla, ko aka yi mata aure tun ba ta kai ba. Mun san marayan da ya ci jarrabawa, kuɗin riga da littafi da na rajistar WAEC ko NECO suka tsare shi. A Birnin Kudu akwai tsohuwar Kwalejin Gwamnati, akwai babban asibitin tarayya. Yara nawa daga ƙananan ikkilisiyoyinmu na ƙauye suke tsammanin wata rana za su shiga wannan asibiti da farar riga, su duba marar lafiya?

Rayuwar Likita Mila ta koya mana abu biyu. Na fari, amfanin ilimi shi ne a fito da baiwar da Allah ya ajiye cikin yaro domin jama'a su amfana. Barau Dikko da Ishaya Audu ba su tambayi addinin marar lafiya ba kafin su duba shi. Na biyu, daidaita dama ba ya tsayawa a kan a ce kowa ya zo. Yaran Gimi sun yi karatu ne domin wani ya ɗauki nauyin cinsu da kwanansu da maganinsu. Wanda ya taso ba uba, ba hatsi a rumbu, sai an ƙara masa tallafi kafin ya jera da sauran.

Saboda haka muna roƙon fastoci da dattawan ikkilisiya, kafin a koma hutu, a zauna a rubuta sunan kowane yaro da yarinya na cikin ikkilisiya da ya isa makaranta amma ba ya zuwa, a bincika dalili gida gida. Zumuntar mata ta ɗauki 'yan mata biyu ko uku ta tsaya musu har su gama sakandare. Sa'ad da ake baikon godiya na kaka, a ware wani kaso na gero da dawa da riɗi domin kuɗin jarrabawar marayu. Matasanmu da suka gama karatu su ba da yamma ɗaya a mako su koya wa ƙanana, in ɗan maƙwabci ya zo kuma kada a tambaye shi ko wane ne ubansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mila ya zo neman 'ya'yan sarakuna, Allah ya ba shi marayun Gimi, ya kuwa riƙe amanar. Ubangiji ya ba mu idon ganin namu marayun, ya ba mu zuciyar tsaya musu. Amin.