Alhaji (Dakta) Mamman Shata Katsina da Tsarin Waƙoƙinsa

An haifi Alhaji Mamman Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina a wajajen shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, kuma gidansu ba gidan kiɗa ba ne. Hasali ma mahaifin bai so ɗansa ya kama waƙa ba, domin a ganin mutanen wancan zamani roƙo ce, ba ta dace da ɗan Fulani ba. Shata ya taɓa sana'ar sayar da goro da alewa, kuma a dandalin samari da 'yan mata muryarsa ta fara fita. Ke nan shi makaɗi ne na haye, ba na gado ba, abin da ya ba shi 'yancin da makaɗan fada ba su da shi, wato ya yi wa wanda ya ga dama waƙa.

Daga Musawa ya koma Bakori, daga bisani ya kafa gida a Funtuwa, inda ya shafe mafi yawan rayuwarsa. Zaman nan ya yi tasiri ƙwarai a kan fasaharsa. Funtuwa gari ne na auduga da hatsi, ga tashar jirgin ƙasa, ga manyan hanyoyin mota da suka nufi Zariya da Gusau da Malumfashi. Manoma da dillalai da direbobi da fatake su ne jama'ar da yake cuɗanya da su, su ne kuma suka cika waƙoƙinsa tare da sarakuna da attajirai. Ya yi wa sojoji waƙa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya kuma waƙe kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka tura duniyar wata a 1969.

Abin da ya fi kamata ɗalibi mai shirin zama malami ya lura da shi shi ne tsarin waƙar. Shata jagora ne, kalangu ke ɗauke da shi, 'yan amshi kuma na biye. Yakan kafa gindin waƙa, gajere, sau da yawa layi ɗaya tak. Daga nan sai ya shiga ƙulla ɗiya, wani ɗan gajere, wani ya miƙe ya yi nisa, ya ratsa yabo ya shiga zambo ko habaici ko labarin wata tafiya, sannan ya saki, 'yan amshi su dawo da gindin yadda yake. A nan ya sha bamban da makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, waɗanda yaransu kan karɓi ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa, har su yi ƙari. Wurin Shata nauyin ƙirƙira duka a wuyansa yake.

Wannan fita da komowa ba Bahaushe kaɗai ya san daɗinta ba. A Turai, a ƙarshen ƙarni na 18, Haydn da Mozart da Beethoven sun inganta wani tsarin kiɗa da ake kira sonata, inda akan gabatar da karin sauti, a juya shi ta hanyoyi daban-daban, sannan a dawo da shi. Sai dai kamar ba ta wuce nan ba. Sonata 32 da Beethoven ya tsara wa fiyano a rubuce suke, mai kaɗa su a yau zai bi abin da ke kan takarda. Shata kuwa nan take yake ƙirƙira a gaban jama'a, don haka da wuya ya rera waƙa ɗaya sau biyu ta fito iri ɗaya. Bakandamiyarsa, wadda a cikinta yake wasa kansa, ita ce babbar shaida: an ɗauke ta a lokuta da yawa, gindi ɗaya, ɗiya daban. Malamin da ya rubuta rerawa ɗaya a allo ya ce wa yara ita ce Bakandamiya ya rage masu gaskiya. Gara ya kunna masu biyu su kwatanta da kunnensu.

Wannan hali ne ya sa ba a iya ƙayyade yawan waƙoƙinsa ba, domin da yawa an rera su a biki ko kasuwa ba tare da na'urar ɗaukar murya ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana a 1975, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma suka fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006.

Ya taɓa siyasa, har ya shugabanci jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar Funtuwa, amma waƙa ta fi karɓarsa. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin dakta na girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura a can.