Baron Osman, wanda ya rushe tsohon Paris

An haifi Jorj Osman, wanda Faransawa ke rubutawa Haussmann, a birnin Paris a shekara ta 1809. Ya yi karatun shari'a, kana ya riƙe perfe a jihohi da dama. A 1853 sarki Napoleon na 3 ya naɗa shi perfen jihar Sen, ya danƙa masa gyaran Paris, inda lunguna suka cushe, kwalara ta yi ɓarna a 1832 da 1849.

Makaminsa doka ce. Ta 1841 ta ba hukuma ikon karɓe gida tilas bisa diyya. Ta 1852 ta haɗa da filayen gefen sabon titi, hukuma ta sake sayar da su. Mai gida dai ya karɓi kuɗinsa, wani har da riba. Talaka ɗan haya kuwa sai ya naɗe tabarmarsa ya koma bayan gari. Gidan da aka haifi Osman ma bai tsira ba.

Tituna suka miƙe samɓal, irin waɗanda mutumin Ɗan Issa ke gani a Maraɗi, da aka shata bayan ambaliyar 1945. Amma bashi ya yi wa birnin katutu. Aka tuɓe shi a Janairun 1870, ya rasu a 1891.